Daga Rijiyar Gishiri Zuwa Tankar Soda: Yinin da Na Yi da Kawu a Cheshire

Wata takardar lissafi ce ta jawo wannan tafiya. Malaminmu ya ba mu aiki, kowa ya zaɓi masana'anta guda ya fitar da abin da ake kashewa kafin kaya su fito, ni kuma na ɗauki kostik soda, don a ganina babu abin da ya kai ta sauƙi: gishiri ne da ruwa. Na sa kuɗin gishiri a sahun farko, na bi shi da albashi da buhuna da sufuri, can ƙasa na rubuta "wuta da sauransu". Da na kai wa Kawu ya duba mini, a gidansa da ke gefen Manchester, sai ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe, ya cire, ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Kawu injiniya ne, ya yi shekara talatin da 'yan kai a irin waɗannan masana'antu a ƙasashe uku kafin ya yi ritaya.

"Ɗana," in ji shi, "wannan 'da sauransu' da ka jefa a ƙasa, ai ita ce masana'antar. Ranar Asabar ka zo da wuri, ka kuma taho da rigar ruwa."

Daga Manchester zuwa Northwich bai kai awa ɗaya a mota ba. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ciyawa kore shar, shanu nan da can, babu abin da zai nuna maka akwai wata dukiya a ƙarƙashi. Amma a ƙarƙashin gonakin nan gishiri ne kwance, kauri-kauri, wanda wani teku ya bari da ya ƙafe fiye da shekara miliyan 200 da suka wuce. Tun zamanin Rumawa ake dafa gishiri a wannan yanki daga maɓuɓɓugan ruwan zartsi, sai a 1670 wasu masu neman kwal a Marbury suka ci karo da shi kansa dutsen gishirin. Kawu ya ce duk wata masana'antar sinadarai da za mu gani a ranar, daga nan asalinta yake, don haka daga nan za mu fara.

Mun tsaya a ƙauyen Marston, a wani tsohon gidan gishiri mai suna Lion Salt Works, wanda ya daina aiki a 1986, aka mayar da shi gidan tarihi. Ginin katako ne da jan bulo a bakin hanyar ruwa ta Trent da Mersey, gishiri ya ci katakon har ya yi fari-fari yana sauka kamar zare. A ciki akwai kaskon ƙarfe, faɗinsa ya kai wani ɗakin, wanda ake cika wa da ruwan gishiri a hura wutar kwal a ƙarƙashi. A da ma'aikata na tsaye a gefe cikin tururi, ba riga, suna jan gishirin da dogon majanyi suna ɗurawa a akwatunan katako. Na daɗe ina kallon wani majanyi da aka jingine, hannayen mutane sun side ƙotarsa har tana sheƙi. Kawu kuwa rijiyar ce ta dame shi. Ya ja ni wajen famfon da ke tsotso ruwan daga ƙasa, ya ce ruwan nan ya ninka na teku gishiri kusan sau takwas, ya ƙoshi har ba ya iya narkar da ƙari.

Ashe tsotsar nan ta taɓa cinye gari. A ƙarni na 19 kowa tsotsa yake yi ba tsari, ruwan daɗi yana gangarawa cikin tsofaffin ramukan haƙar gishiri yana narkar da ginshiƙan da ke riƙe da ƙasa. Sai a wayi gari gona ta zama tafki, ko gida ya karkace, ko titi ya rufta. Tafkunan suna nan har yau a gefen hanya, Neumann's Flash da Ashton's Flash, tsuntsaye sun mayar da su gida. A tsakiyar Northwich Kawu ya nuna mini gine-ginen da aka yi da firam ɗin katako, na ɗauka ado ne, ashe dabara ce: in ƙasa ta lotsa sai a sa jak a ɗaga ginin a daidaita shi. Sai da majalisa ta yi doka a 1891 kan biyan diyyar waɗanda tsotsar ta rusa wa dukiya.

Yanzu ba haka ake yi ba. Gabas da garin, wajen Holford, muka bi wasu ƙananan hanyoyi, inda babu abin gani sai kawunan bututu a tsakiyar gonaki, an kewaye kowanne da waya. Ana haƙa rijiya mai zurfi har cikin gishirin, a tura ruwa, ya narkar da kogo mai girman da aka ƙayyade, a bar katanga mai kauri tsakanin kogo da kogo, ruwan gishirin ya hau ta wani bututun ya kama hanyar Runcorn. Wasu koguna a yankin ma an mayar da su rumbun ajiye iskar gas. Kawu ya tsayar da mota ya ce, "Ka gani? Ruwa ne ke haƙa, bututu ne ke dako. Babu leburan rami, babu tirela. Gishirin da ka ɗora a sahun farko, ga arahar da yake da ita ga wanda ya gina masana'antarsa a kansa." Na ce to wanda ba shi da gishiri a ƙarƙashinsa fa? Ya ce shi wannan kuɗin jirgi da na mota yake biya, kuma sau da yawa dakon ya fi gishirin tsada.

Ta Winnington muka wuce, ba mu daɗe ba. Nan ne John Brunner da Ludwig Mond suka kafa kamfaninsu a 1873, suna yin tokar soda da dabarar Ernest Solvay ɗan Beljiyam. A nan Kawu ya warware mini wani ruɗani da na daɗe da shi: tokar soda daban, kostik soda daban. Ta farkon ita ce mai sauƙin kai, wadda masu gilashi suka fi sha. Ta biyun ita ce mai cin fata, kuma a da daga ta farkon ake samunta, ta hanyar dafa ta da ƙonanniyar farar ƙasa da aka jiƙa. A ƙetaren kogin Weaver ga na'urar Anderton ta 1875, wadda ke ɗaga jirgin ruwa ɗungurungum tsawon mita 15 daga kogi zuwa hanyar ruwan da ke sama. Na so mu tsaya, Kawu ya ce wata rana.

Na zaci Runcorn muka nufa kai tsaye, sai na ga mun haye gada mun tsallake kogin Mersey zuwa Widnes. Kawu ya ce ba zan gane darajar sabuwar hanya ba sai na ga ƙazantar tsohuwa. Gidan tarihin Catalyst yana cikin wani tsohon ginin ofis na zamanin masana'antun, an ɗora masa ɗakin gilashi a kan rufi, daga nan kana hango kogin da gadojinsa, da filin Spike Island a ƙarƙashinka, inda John Hutchinson ya kafa masana'antarsa a 1847. Yau wurin shaƙatawa ne, mutane na yawo da karnuka. A wancan zamani dabarar Nicolas Leblanc ta 1791 ake bi: a haɗa gishiri da ruwan batir mai ƙarfi, a gasa abin da ya fito da kwal da farar ƙasa, a jiƙa baƙar tokar a tace, a samu tokar soda. Hayaƙin asid da ke fita ta bututu yana ƙone itatuwa da amfanin gona, yana cin haƙoran ma'aikata. Dusar da ta rage, wadda mutanen wurin ke kira galligu, an jibge miliyoyin tan ɗinta a kewayen garin tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. A 1863 aka yi dokar da ta tilasta wa masu masana'antu su kama kashi 95 cikin ɗari na hayaƙin asid ɗin, aka naɗa Robert Angus Smith ya zama sufeto na farko. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, sinadarin kulorin da ke cikin hayaƙin nan da suke zubarwa a iska, shi ne yau rabin cinikin masana'antar.

Da la'asar muka sake tsallakowa, muka hau tudun Runcorn. Jan dutse ne, da tsofaffin ramukan fasa dutse da ciyayi suka rufe. Daga bakin tudun sai ga abin da muka zo gani a shimfiɗe a ƙasa, wajen Weston Point: tankuna, hasumiyoyi, bututu a kan bututu kamar saƙar gizo-gizo, farin tururi na tashi nan da can, bayansu hanyar jiragen ruwa ta Manchester, bayanta kuma Mersey ya buɗe baki. Ba a shiga irin wannan wuri don yawon buɗe ido, mu ma ba mu nema ba. Kawu ya ce kada in kalli tankunan, in kalli wayoyi. Na duba, sai na ga manyan turakun lantarki sun yi jerin gwano sun nufi wurin, ga tashar wuta mai aiki da gas ta Rocksavage a gefe guda, ga kuma wata mai ƙona shara tana ba da wuta da tururi. An daɗe ana cewa wannan wuri shi kaɗai yana shan wuta kwatankwacin birnin Liverpool.

Tun 1897 ake raba gishiri da lantarki a nan. Hamilton Castner, Ba'amurke ne mazaunin Ingila da ke neman soda mai tsabta don wata sana'arsa ta daban, ya ƙirƙiro akwatin da ake shimfiɗa zaiba a ƙasansa, ruwan gishiri a sama, a saki wuta. Kulorin ya tashi, sodiyom ya narke cikin zaibar, a karkata akwatin zaibar ta gangara wani ɓangaren ta haɗu da ruwa, soda ta fito. Karl Kellner ɗan Ostiriya ya fito da kusan irin wannan dabara a lokaci guda, maimakon shari'a sai suka haɗa kai, aka kafa kamfanin Castner-Kellner a 1895. Daga baya ya shiga cikin babban kamfanin sinadarai na ICI da aka kafa a 1926, sannan kamfanin INEOS ya saye wannan ɓangare a 2001.

Muna tsaye aka tsuge da ruwa, muka ruga mota. A nan, gilashi ya yi hazo, ruwa na dukan rufi, Kawu ya zaro wani tsohon ambulan daga aljihun ƙofa ya juya bayansa, ya karɓi birona. Wannan rabin awa ita ce tafiyar gaba ɗaya.

Ya zana akwatin zamani wanda ya maye gurbin na zaiba, ya raba shi biyu da layi. Ya ce layin nan tantani ne, siriri kamar leda, dangin robar da ake shafe kaskon da abu ba ya kamawa, kuma aikinsa ɗaya: ya bar sodiyom ya wuce, ya tare saura. A hagu ruwan gishiri ke shiga, ga farantin titaniyom da aka shafe da wani ƙarfe mai tsada, ruteniyom, a kansa kulorin ke tashi. A dama ga farantin nikel, a kansa ruwa ke fashewa, iskar haidurojin ta tashi, abin da ya rage ya haɗu da sodiyom ɗin da ya tsallako ya zama soda. Ana jera irin wannan akwati fiye da ɗari a matse kamar littattafai a kanta, zafinsu yana kaiwa digiri 85 zuwa 90. Ya ce in an shiga zauren babu wani abin kallo, ba wuta ba hayaƙi, sai gunjin taransifoma da na'urorin da ke miƙar da wutar, don irin wutar gida mai kai-da-komo ba ta wannan aiki. Abin da ma'aikaci ba ya wasa da shi shi ne kada kulorin da haidurojin su haɗu, don in sun gauraya fashewa suke yi.

Sai ya shiga lissafi. Tan ɗaya na soda yana cin gishiri kusan tan ɗaya da rabi. Yana kuma buƙatar wuta ta ratsa akwatin har amfiya dubu 670 na tsawon awa guda, kuma wannan adadi ba injiniya ne ya sa shi ba, haka halittar abin take, ba a rage shi. Abin da ake iya taɓawa shi ne ƙarfin turin wutar, wanda ake aunawa da bolt. Mafi ƙanƙantar da zai iya raba gishirin ya ɗan haura bolt 2, amma a aikace kusan 3 ake sha, saboda tantani da kumfa da faranti kowanne yana cin nasa. Ya ninka dubu 670 sau 3, ya ƙara ɗan abin da ke zurarewa, ya rubuta 2,100 ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Yunit 2,100, irin yunit ɗin da mita ke ƙirgawa, a kan kowane tan.

"Mu ƙaddara yunit ɗaya fene goma ne," in ji shi. "Nawa ke nan?"

Na ce fam 210.

"To in aka ƙara fene ɗaya tak?"

Na ce fam 21 a kowane tan. Ya ce to in je in nemo wani layi a takardata da fene ɗaya zai motsa shi haka. A yawancin masana'antun nan wuta ita ke cinye kusan rabin kuɗin gudanarwa, in ta yi tsada ta wuce haka. Shi ya sa injiniyoyi ke kwana a kan kashi ɗaya cikin goma na bolt: yunit 70 ne a kowane tan, masana'antar da ke fitar da tan dubu 200 a shekara kuwa ta tsira da yunit miliyan 14 ke nan. Shi ya sa kuma manyan masu yin soda suke inda suke. Gaɓar tekun Texas da Louisiana a Amurka tana da gishiri a ƙarƙashi da gas mai araha. China, wadda ke yin kusan rabin sodar duniya, tana da kwal. A 2022 da farashin gas da wuta ya haukace a Turai, masana'antu da yawa rage aiki suka yi, soda ta yi tsadar da aka daɗe ba a gani ba.

Na tambaye shi me ya sa aka bar zaiba, tunda ita kai tsaye take ba da soda mai kauri, kashi 50 cikin ɗari, mai tsabta. Ya yi shiru kaɗan. Ya ce ya yi aiki a irin wannan zaure yana saurayi, a wata ƙasa, kuma yana tuna yadda ƙananan ƙwallayen zaiba ke taruwa a tsagar daɓe suna ƙyalli, da yadda ake karɓar fitsarinsu a kai a kai ana aunawa. Zaiba guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa, kuma duk takatsantsan sai wata ta zurare zuwa iska ko ruwa. Bala'in Minamata a Japan, wanda aka gano a 1956, ba daga masana'antar soda ya fito ba, amma shi ya sa Japanawa suka juya wa zaiba baya gaba ɗaya. A Nobeoka kamfanin Asahi ya fara aiki da tantani a 1975, zuwa 1986 kuma ba sauran mai yin soda da zaiba a ƙasar. Tarayyar Turai ta sa wa nata wa'adin Disamban 2017, yarjejeniyar Minamata ta 2013 kuma ta sa wa duniya 2025. Amma Kawu ya ce kada in ɗauka tausayi kaɗai ne ya yi aiki: akwatin zaiba ya fi na tantani shan wuta sosai, don haka akanta ma ya goyi baya. Akwai hanya ta uku, mai shingen asbestos, wani ma'adani mai zare-zare, wadda ta daɗe a Amurka. Sodarta tsararo take fitowa, kashi 11 ko 12 cikin ɗari, cakuɗe da gishiri, sai an sha wahalar dafawa, ga shi asbestos kansa yana jawo ciwon daji.

Tantani ma ba kyauta yake ba. Yana da tsada, ana sauya shi bayan 'yan shekaru, haka shafen farantan. Ga shi da tsirfa kamar jaririn goye: kalsiyom da magniziyom da ke cikin ruwan gishiri in suka wuce kashi 20 cikin biliyan, sai su toshe shi. Don haka kafin ruwan ya isa akwati sai an zuba masa tokar soda da ita kanta kostik ɗin dattin ya kwanta, a tace, a sake ratsa shi ta hasumiyar wasu ƙananan ƙwayoyin roba masu kama ragowar. Kawu ya ce rabin bututun da nake hangowa wankin gishiri kawai suke yi. Haka shi ma kulorin, sai an sanyaya shi, an busar da shi da ruwan batir mai ƙarfi, an matse. Ya faɗi wani abu da ya ba ni mamaki: jiƙaƙƙen kulorin yana cinye baƙin ƙarfe amma ba ya taɓa titaniyom, busasshe kuwa yana zama lafiya a baƙin ƙarfe amma yana kunna wa titaniyom wuta. Wanda ya sa bututu a inda ba wurinsa ba, ya gama da masana'anta. Duk wannan jari ne da ake zubawa kafin a sayar da ko kilo ɗaya, kuma ko injin yana aiki ko yana kwance bashin da aka gina shi da shi yana ƙirgawa.

Daga tantani soda tana fitowa da ƙarfin kashi 32 cikin ɗari, kasuwa kuma 50 take so. Kawu ya sake juya ambulan. A kan kowane tan na soda akwai ruwa tan biyu da ɗan ɗori, dole a ƙafar da fiye da tan ɗaya, kuma da tururi ake yi, tururi kuwa mai ne ko gas. Ana rage asarar ta hanyar jera tukwane biyu ko uku, tururin da ya tashi daga ta farko ya dafa ta biyu. Wanda ke son busasshiya, ɓarzajjiya ko mai ƙwaya-ƙwaya da ake ɗurawa a buhu mai kilo 25, sai an kori sauran tan ɗayan ma, a tukwanen nikel, da zafin da ya haura digiri 300, sannan a sanyaya a kankare. Shi ya sa ta buhu ta fi ta ruwa tsada a bakin masana'anta. Ta ruwan kuma rabin abin da kake biya wa dako ruwa ne zalla, ga shi tana daskarewa in sanyi ya sauka wajen digiri 12, sai an lulluɓe tanki an ɗumama bututu. Manyan masu saye, masu tace ƙasar alminiyom da masu takarda da masaƙu da manyan gidajen sabulu, ta ruwa suke ɗauka a tanka ko jirgi. Wanda ke nesa, ko yake sayen kaɗan, shi ke biyan kuɗin busarwa.

Yana magana yana nuni, sai na lura da tabon da ke wuyan hannunsa na dama, wanda na sani tun ina yaro ban taɓa tambaya ba. Ya ga inda nake kallo. Ya ce ɗigo ɗaya ne ya gangara ta bakin safar hannu, bai ji komai ba sai santsi, kamar ya taɓa sabulu. Ashe sabulun ne kuwa, kitsen fatarsa ne sodar ke mayarwa sabulu. Asid yana yi maka ihu nan take, in ji shi, soda kuwa sai ta yi nisa kafin ka ji. Maganinta ruwa mai yawa, a daɗe ana kwarara, in a ido ne kuma ba a jira komai. Tabarau da safa da wurin wanka na gaggawa a kowane lungu, da horar da ma'aikata, su ma layi ne a lissafi, kuma ban sa su ba.

Ruwan ya ɗan tsagaita, fitilun masana'antar suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya. Na ce to yanzu na gane, in na san kuɗin wuta da tururi da gishiri na san farashin soda. Kawu ya girgiza kai.

"Ka san abin da aka kashe dai. Farashi kuma sai ka tambayi ɗan'uwanta."

Ya ce soda da kulorin Hassan da Usaini ne, ba a haifar ɗaya a bar ɗaya. Kowane tan na soda yana zuwa da kulorin kilo 890 ko kusa da haka, sai Gambonsu haidurojin, kilo 25, wanda ake ƙonawa a samu tururi ko a sayar. Saboda haka masu sana'ar ba sa lissafin soda ita kaɗai, a dunƙule suke lissafa tan ɗaya na kulorin da tan 1.1 na soda, su ga ko abin da biyun suka kawo ya rufe kuɗin wuta. Matsalar ita ce soda tana ajiyuwa a tanki, kulorin kuwa iska ce mai kisa, ba mai son tara ta da yawa ko yawo da ita a hanya, don haka akasari a nan cikin harabar ake shanye ta. Babban mai shan ta shi ne robar PVC, ta bututun ruwa da firam ɗin taga da rigar waya. In gine-gine sun tsaya, PVC ta yi kwantai, sai a rage wa akwatuna wuta, soda ta yi ƙaranci, farashinta ya tashi, alhali masu sabulu da takarda ba su ƙara ko cokali a abin da suke saye ba. In gine-gine sun bunƙasa, a buɗe wuta don a samu kulorin, soda ta cika tankuna, a karya farashi don a rabu da ita. A Indiya an sha kaiwa inda mai masana'anta ke biyan mai saye don ya kwashe masa kulorin, saboda sodar ce ke kawo kuɗi kuma ba ta fitowa sai an sami inda za a kai ɗan'uwanta. Wannan ne ya fi ba ni haushi a kan takardata, don ko sunan kulorin ban rubuta ba. Na tsara masana'antar da za ta riƙa fitar da iska mai guba tan-tan a kullum, ban tanadi inda za ta je ba.

Muka gangaro daga tudun da magariba, muka hau babbar hanyar M56. Ba mu yi nisa ba muka tarar da wata tanka a gabanmu, farin ƙarfe, an lulluɓe cikinta, tana tafiya a hankali a layin hagu. Kawu ya rage gudu ya ce in karanta masa lambar da ke kan allon ruwan lemo na bayanta. Na matsa kusa da gilashi, ruwan da tayoyinta ke watsowa yana rufe mini gani, sai da abin share gilashi ya wuce sau biyu na iya karantawa: 1824.

"Ta ruwa ce," in ji shi. "Da busasshiya ce da ka ga 1823." Ya sa sigina ya fita ya wuce ta, ya miƙo mini ambulan ɗin ba tare da ya dube ni ba. "Riƙe wannan. Ranar Litinin ka kawo mini sabuwar takarda, kuma ina so in ga inda ka kai kulorin."